Dare Mahutar Bawa: A Raba Waya da Shimfiɗa

Duk lokacin da aka buɗe fagen neman ƙuri'a a wannan Ƙungiya tamu, maganganun da mukan ji daga bakin 'yan takara ba su wuce huɗu ba: ƙarancin ruwa, da tsadar abinci, da cunkoson ɗakuna, da ɗaukewar wuta. Dukkansu koke-koke ne na gaskiya, ba kuwa mai hankalin da zai ce a daina yin su. To amma akwai wata asara da muke tafkawa kowane dare wadda ba a cika ambatonta ba, watakila domin ba a san ofishin da za a kai ƙararta ba. Asarar nan ita ce ta barci. Duk wanda ya ratsa barandar ɗakunan kwananmu da ƙarfe 1 na dare zai tarar an kashe fitilu, amma kusan kowane gidan sauro da ɗan haskensa a ciki, ga fuska ta yi shuɗi, ga babban yatsa yana ta kai da komowa. Ra'ayina a kan wannan al'amari guda ɗaya ne, kuma zan faɗe shi tun daga farko: bai kamata wayar hannu ta kwana a shimfiɗa ɗaya da ɗalibi ba, kuma raba su aiki ne na ɗaki baki ɗaya, domin ya fi ƙarfin mutum guda.

Bari mu fara da lissafi, tun da lissafi ba ya son kai. A nan arewacin Nijeriya rana tana faɗuwa daga wajen ƙarfe 6 zuwa 7 na yamma duk tsawon shekara, alfijir kuma yana ketowa wajen ƙarfe 5, wani lokaci kafin haka da kaɗan, wani lokaci bayansa da kaɗan. Mai sallar asuba dole ya tashi a wannan lokaci. Wanda ba shi da wannan nauyi a kansa ma, layin ruwa da laccar ƙarfe 7 ko 8 ba za su bar shi ya miƙe ƙafa ba. Wato dai lokacin tashinmu a ƙulle yake, ba mu da ikon matsa shi gaba. A shekarar 2015 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka tare da ƙungiyar masu binciken barci ta ƙasar suka fitar da matsaya cewa baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowane dare domin lafiyarsa ta ɗore. Wanda zai tashi ƙarfe 5 ke nan, sai ya kasance barci ya ɗauke shi wajen ƙarfe 10. Wanda ya riƙe waya har ƙarfe 1 kuwa, awa 4 ya samu, ko da ya ɗan ƙara wani abu bayan asuba. A mako ɗaya ya ci bashin awa kusan 20. Hausawa kuwa sun riga sun ce ba a cin bashin barci. Mai cin sa yakan biya a inda bai shirya ba, galibi a bencin baya na ɗakin lacca, baki buɗe, malam yana ta bayani.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Ai ƙuruciya ce, jiki zai jure. A nan ne ya kamata mu tuna abin da ya kawo mu jami'a. Mun zo ne domin mu zuba ilmi a ƙwaƙwalwa ya zauna, kuma masana sun daɗe da gano cewa wani babban ɓangare na wannan aiki a cikin barci ake yin sa. Tun a shekarar 1924, a Jami'ar Cornell ta Amurka, John Jenkins da Karl Dallenbach suka sa ɗalibai biyu su haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, wani lokaci da safe su tafi harkokinsu, wani lokaci da dare su kwanta. Bayan awa 8 ana farke, kusan duk abin da aka haddace ya zube. Bayan awa 8 ana barci kuwa, fiye da rabi yana nan daram. Binciken da ya biyo baya cikin shekaru ɗari ya ƙara haska dalilin haka: abin da mutum ya koya da rana yakan fara sauka ne a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, wanda ajiyarsa ta wucin gadi ce, sa'an nan idan barci ya yi nauyi ƙwaƙwalwa ta riƙa bitar abin nan tana ƙarfafa shi a ma'ajiya mai ɗorewa. Ɗan manomi zai gane wannan nan da nan. Karatun rana kamar girbi ne, an yanke gero an ɗaura dammuna a gona. Barci shi ne kwasowa zuwa rumbu. Wanda ya yi ta girbi bai kwaso ba, gara da tsuntsaye ya yi wa aiki.

A shekarar 2019 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, inda aka raba wa ɗalibai 100 na wani ajin kimiyyar sinadarai 'yar na'urar ɗaurawa a hannu mai auna barci, suka sa ta tsawon zangon karatu guda. Da aka kwatanta da makinsu, sai aka ga tsawon barci, da ingancinsa, da tsayuwarsa a kan lokaci ɗaya, sun bayyana kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin maki tsakanin ɗalibi da ɗalibi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, barcin daren jajibirin jarrabawa shi kaɗai bai nuna wani tasiri ba. Barcin makon da ya gabace ta da na watan da ya gabace ta, lokacin da ake koyon darasin, shi ne ya yi tasiri. Ashe ran wanka ba a ɓoyon cibi, kuma tun ran gini ran zane.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan muni, wato mai ƙarancin barci ba ya sanin halin da yake ciki. A wani bincike na Jami'ar Pennsylvania da aka buga a 2003, an ƙayyade wa wasu lafiyayyun mutane barcin awa 6 a dare, wasu awa 4, wasu awa 8, har kwana 14. Masu awa 6 sun yi ta ja da baya a gwajin natsuwa da saurin fahimta kullum, har suka kai matsayin wanda ya yi dare ɗaya bai runtsa ba ko kaɗan. Amma da aka tambaye su yadda suke ji, sai suka ce ɗan barci-barci kawai suke ji, ba wani abin damuwa ba. Saboda haka idan ɗan'uwa ya bugi ƙirji ya ce shi ya saba, awa 4 ta ishe shi, to a yi masa uzuri. Ma'aunin da yake auna kansa da shi ne ya lalace.

To ta ina waya take shiga ta yi wannan ɓarna? Ƙofofi uku ne, kuma gara mu san girman kowace, kada mu tsare ƙarama mu bar babba a buɗe.

Ƙofa ta farko haske ce. Jikin ɗan'adam yana da agogonsa na ciki mai zagayen kusan awa 24, kuma gano yadda ƙwayoyin halitta ke tafiyar da wannan agogo shi ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young lambar yabo ta Nobel a 2017. Haske shi ne mai saita agogon. A shekarar 2002 David Berson da abokan aikinsa a Jami'ar Brown suka nuna cewa a cikin ido akwai wasu ƙwayoyi da ke auna yawan haske su kai rahoto ga agogon ƙwaƙwalwa, kuma shuɗin haske ya fi kowane motsa su. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki sinadarin melatonin, mai shaida wa jiki cewa dare ya yi. Idan haske ya ci gaba da dukan ido, sai sakin ya yi jinkiri. A wani asibitin koyarwa na birnin Boston an sa mutum 12 su yi karatu a iPad awa 4 kafin kwanciya, dare 5 a jere, sa'an nan a wasu darare 5 su karanta littafin takarda. A sakamakon da aka buga a 2015, dararen iPad sun rage melatonin da fiye da rabi, sun ja agogon jiki baya da kimanin awa ɗaya da rabi, kuma mutanen sun fi jin nauyin jiki da safe. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: jinkirin da aka samu wajen ɗaukar barci kimanin minti 10 ne kawai, alhali kuwa an ƙure hasken na'urar har awa 4. Wannan ƙofa tana nan, sai dai ba ita ce babba ba. Shi ya sa masu taƙama da cewa sun mayar da fuskar wayarsu ruwan ɗorawa da dare bai kamata su saki jiki ba. A 2021 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta jihar Utah suka gwada wannan tsari a kan matasa 167, ba su kuwa ga ya gyara barcin masu amfani da shi fiye da na waɗanda suka bar hasken yadda yake ba.

Ƙofa ta biyu, wadda ita ce babba, lokaci ne. Ɗaliban da suka zauna a irin waɗannan ɗakuna a shekarun 1970 da 1980 su ma suna da na'urorinsu: rediyo, da rikoda, da talabijin guda a ɗakin shaƙatawa na kowa da kowa. Amma kowace daga cikinsu tana da iyaka. Fuskar kaset minti 30 ce ko 45, idan ta ƙare sai rikoda ta tsaya da kanta. Gidan talabijin yakan sa taken ƙasa wajen tsakar dare ya rufe tasha, kowa ya kama gabansa. Littafi yana da shafin ƙarshe, hira kuma takan watse idan mai shayi ya kwashe kayansa. Tun daga watan Agusta na 2001 da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, musamman bayan da ta haɗu da intanet, muka shiga hannun abin da ba shi da shafin ƙarshe. Wannan kuwa da gangan aka yi shi. A 2006 wani mai tsara manhaja, Aza Raskin, ya fito da dabarar shafin da ba ya ƙarewa, kana ja yana ƙara zuwa, kuma daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. A 2017 Reed Hastings, wanda yake shugabantar Netflix a lokacin, ya faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa barci yana cikin manyan abokan gasar kamfaninsa. Su dai waɗannan kamfanoni ribarsu tana ƙaruwa da yawan mintocin da idonka ya yi a kansu, kuma sun ɗauki ƙwararru suna biyansu domin kada ka ajiye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗalibin da ya yini yana lacca ya gaji tilis, ya ce zai duba minti 5 kawai ya ajiye, ya shiga kokawa ce da waɗanda suka fi shi shiri, a lokacin da ƙarfin zuciyarsa ya fi rauni.

A ƙasar Nowe an tambayi ɗalibai fiye da 45,000 masu shekara 18 zuwa 28 game da barcinsu, aka buga sakamakon a 2025. Kowace awa guda da ɗalibi ya yi yana kallon na'ura bayan ya hau gado ta zo tare da ragin barci na minti 24, da ƙarin kashi 59 cikin ɗari na yiwuwar fama da alamun rashin barci. Ba a kuwa ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin mai yawo a dandalin sada zumunta da mai kallon fim ko wani abu daban. Irin wannan bincike ba ya iya rarrabe wanda waya ta hana barci da wanda rashin barci ya sa ya ɗauki waya, kuma babu shakka duka biyun suna faruwa. Amma ko ta wace fuska aka duba, igiya ɗaya ce take ƙara ƙullewa: ka kasa barci ka ɗauki waya, ka ɗauki waya ka ƙara kasa barci.

Ƙofa ta uku zuciya ce. Barci yana son hankali kwance, waya kuwa kasuwa ce da ba ta tashi. A cikinta ake musun siyasa, a cikinta labarin hari ko haɗari yake fara fitowa da hotunansa, a cikinta ake jiran amsar masoyi da ya karanta saƙo ya yi shiru. Ko an ajiye ta a gefen matashi, kunne yana wurinta. A 2016 Ben Carter na Kwalejin King's da ke Landan da abokan aikinsa suka tattara bincike 20 da suka shafi yara da matasa fiye da 125,000, suka ga cewa waɗanda na'ura take kwana kusa da su sun fi fuskantar ƙarancin barci da gyangyaɗin rana, ko da ba su taɓa ta ba. Tun a 1972 wani masanin halayyar ɗan'adam, Richard Bootzin, ya fito da hanyar magance rashin barci da har yau likitoci ke aiki da ita, kuma ginshiƙinta shi ne a keɓe gado ga barci. Dalilinsa shi ne jiki yana koyon wuri. Idan kullum ka hau gado barci kake yi, ganin gadon ma zai riƙa saukar maka da barci. Idan kuwa gadon ya zama sinima da majalisa da kasuwa, to jiki zai koyi zama a faɗake a kansa.

Na san abin da 'yan'uwa za su ce, kuma maganarsu abin saurare ce. Za su ce shawarar a fitar da na'urori daga ɗakin kwana an yi ta ne domin masu falo da ɗakin karatu da ɗakin barci daban-daban. Mu kuwa ɗaki ɗaya gare mu, mu huɗu ko shida ko fiye, nan ne ɗakin karatu, nan ne kicin, nan ne wurin karɓar baƙi. Ina za a fitar da wayar, waje wurin ɓarayi? Haka ne, amma dokar tana da ruhi, kuma ruhinta shi ne kada hannu ya iya kaiwa ga waya alhali kai yana kan matashi. Wanda ba shi da ɗaki biyu yana da akwati ko kabad mai makulli. Taku uku tsakanin gado da akwati sun isa, domin mai gyangyaɗi da zai miƙa hannu ƙarƙashin matashi ba tare da tunani ba, zai yi nauyin ɗaga gidan sauro, ya sauko daga gadon sama, ya laluɓo makulli cikin duhu. Wannan ma ya fi tsaro, gama waya a kulle ta fi waya a gefen mai barci kusa da taga wuyar ɗauka.

Za su ce wayar ita ce agogon da ke tashinsu, ita ce tocilarsu. To ƙararrawar da ke kaɗawa daga cikin akwati ta fi amfani, tun da sai ka miƙe tsaye kafin ka kashe ta, wanda ya miƙe kuwa ya riga ya tashi. Ƙaramin agogo mai ƙararrawa da 'yar tocila kuɗinsu bai kai na gyaran fuskar waya da ta faɗo daga gadon sama ba, kuma agogo ɗaya ya ishi ɗaki guda. Za su ce iyaye na iya kira cikin dare idan wani abu ya faru a gida. Wannan gaskiya ne, ba kuwa wanda zai so a neme shi a rasa. Amma kusan kowace wayar zamani tana da tsarin da ke toshe kira da saƙonni duka sai na lambobin da mai ita ya zaɓa. A sa lambar Baba da ta Inna da ta babban wa ko babbar ya, sauran jama'a su jira gari ya waye.

Za su ce data ta fi araha daga tsakar dare zuwa asuba, kuma sau da yawa a lokacin ne wuta take zuwa a yi caji. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, domin aljihun ɗalibi ba ya ɗaukar wasa. Amma littafi ko bidiyon lacca da ake saukewa ba ya bukatar a tsare shi da ido kamar madara a kan wuta. A tsara abin da za a sauke, a sa shi ya kama aiki, a koma a kwanta. Caji ma haka, ba ya bukatar rakiya, kuma ko don gudun gobara bai dace a yi shi a kan katifar soso ko ƙarƙashin matashi ba, domin batir yakan ɗauki zafi idan ya rasa iska. Mu kuma tambayi kanmu tsakani da Allah, cikin datar daren nan, nawa ne yake tafiya ga karatu, nawa ne ga abin da ba za mu tuna da shi ba gobe da hantsi? Arha dai ba ta ado, kuma abin da aka saya da barcin awa 3 ba a same shi da sauƙi ba.

Za su ce kuma ba waya kaɗai ke hana barci ba, ga zafin bazara, ga sauro, ga kuɗin cizo, ga hayaniya, ga goro da kofi da lemon ƙarin kuzari da ake ɗurawa lokacin jarrabawa. Duk haka ne. Sinadarin kafeyin da ke cikin waɗannan yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin bayan isha'i yana nan yana aiki har tsakar dare. Amma zafin watan Afrilu ba a hannunmu yake ba, cunkoso ma sai hukuma ta gina ɗakuna. Waya kuwa a hannunmu take, yau ɗin nan, ba tare da an kafa kwamiti ba. Wanda matsaloli biyar suka taru a kansa, ai ba ya ƙin sauke ɗaya don sauran huɗu suna nan.

Dalilin da ya sa na ce aikin na ɗaki ne baki ɗaya shi ne, a inda mutum shida suke kwana, barcin kowa yana hannun kowa. Ɗaya ya kunna bidiyo ba abin sawa a kunne, ɗaya yana ƙus-ƙus da budurwa har ƙarfe 2, ɗaya hasken wayarsa yana dukan idon na gadon ƙasa. Wanda ya yi niyyar gyara shi kaɗai, kwana biyu zai ga ba riba ya koma ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka shawarata ta farko ga kowane ɗaki ita ce a zauna a yi yarjejeniya, kamar yadda ake yi a kan shara da ɗibar ruwa: a tsayar da lokaci, a ce ƙarfe 10 ko 10 da rabi, wanda daga shi kowace waya za ta shiga makwancinta. Mai karatun da bai gama ba ya tafi aji ko laburare, mai kiran da ba ya jira ya fita baranda. Ke kuma 'yar'uwa, da kai ɗan'uwa, masoyin da ba zai iya haƙurin jin murya ba sai ya kai ɗayanku ga maimaita kwas, a sake duba irin son da yake yi.

Shawara ta biyu ga wakilan azuzuwa ce. Da yawa daga cikinmu suna kwana da waya ne saboda tsoron kada a sauya lokacin lacca ko a sa gwaji cikin dare a zauren WhatsApp na aji, su wayi gari an bar su a baya. Muddin sanarwa tana iya zuwa ƙarfe 12 na dare, to ba mai iya kashe waya da kwanciyar hankali. A ƙasar Faransa, tun daga 1 ga Janairun 2017, doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin rufe waya da saƙonnin aiki bayan an tashi. Mu ba ma bukatar majalisar dokoki. Ya isa wakilan azuzuwa su amince cewa duk sanarwar da ta shafi gobe za ta fita kafin ƙarfe 9 na dare, Ƙungiya kuma ta roƙi malamanmu cikin ladabi su taimaka a kan haka.

Shawara ta uku ga shugabannin Ƙungiya ce. Idan za a je gaban hukuma da jerin bukatu, a sa waɗannan a ciki: intanet mai ƙarfi a laburare da azuzuwa da rana, domin kada talauci ya riƙa tilasta wa ɗalibi raya dare, da wurin caji mai akwatuna masu makulli a kowane rukunin ɗakuna, da ɗakin karatu mai haske kusa da makwanci domin mai karatu ya bar mai barci ya huta. Waɗannan ba su kai gina sabon ɗakin taro tsada ba, amfaninsu kuwa zai bayyana a takardar sakamako. Wanda kuma ya raba waya da shimfiɗa, ya gyara abin da zai iya gyarawa, amma rashin barci ya ci gaba da damunsa mako bayan mako, to ya nufi asibitin makaranta ya ga likita, kada ya sayi ƙwayar barci a kemis da ra'ayin kansa.

Ba ina kira ne a koma zamanin aci-balbal ba. Wayar nan ta sa laburaren duniya a aljihun ɗan talaka, ta sada ɗalibi da mahaifiyarsa a ƙauye ba tare da jiran direban mota ya kai wasiƙa ba, kuma ba mai son a karɓe mana ita. Amma doki ma, duk da amfaninsa, a turke yake kwana, ba a taɓa shigar da shi ɗaka ba. Iyayenmu sun sayar da hatsi da dabbobi, wasu sun ci bashi, domin mu zo nan mu koma da abin da zai amfane su, kuma ƙwaƙwalwar da za ta ɗauki wannan kaya tana da haƙƙin hutu a kanmu. Ina roƙon kowane ɗaki ya gwada wannan yarjejeniya dare 14 kacal, daga nan kowa ya duba yadda yake ji a laccar farko ta safe, ya yanke hukunci da kansa. Wanda ya riga ka barci dai zai riga ka tashi, kuma a wannan gida namu, mai yiwuwa ya riga ka fita da sakamako mai kyau.

Allah Ya ba mu barci mai daɗi da farkawa cikin ƙoshin lafiya.